Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya a Taron Tunawa da Dakta Jordi Casals

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishinan Lafiya, manyan baƙi, malamai da ɗaliban wannan makaranta ta koyon aikin gwaje-gwajen lafiya, a madadin hukumar makaranta ina yi muku barka da zuwa. Ranka ya daɗe, mun san hidimomin da ke gabanka, amma ka tabbatar mana da cewa zuwa da kai ya fi aike, kuma mun gode.

Mutumin da muka taru dominsa, Dakta Jordi Casals, an haife shi a Sifaniya a 1911, ya karanta likitanci a Basalona, sannan ya koma Amurka a 1936. Shekaru masu yawa ya shafe yana aikin da ba kowa ke da haƙurin yi ba, wato gwada ƙwayoyin bairos da sauro da kaska ke yaɗawa da ruwan jinin dabbobi, ɗaya bayan ɗaya, har ya gano waɗanda suke dangin juna ya kasa su gida-gida.

Abin da ya haɗa shi da ƙasarmu ya faru ne a 1969, lokacin da wata ma'aikaciyar jinya, Laura Wine, ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, aka kai ta Jos, ta rasu a can. Wadda ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Ta ukun, Penny Pinneo, an ɗauke ta zuwa Amurka ta rayu, kuma samfurin jini ya isa Jami'ar Yale, inda Casals da abokiyar aikinsa Sonja Buckley suka ware ƙwayar cutar da ake kira zazzaɓin Lassa a yau. Ba a jima ba shi kansa ya kwanta rai a hannun Allah, yana da shekara 58, sai da aka ƙara masa ruwan jinin Pinneo kafin ya farfaɗo. Wani ma'aikacin ɗakin gwaji a Yale bai yi wannan sa'ar ba, kuma bayan rasuwarsa aka mayar da aikin birnin Atlanta, inda ake da ɗakin da ya fi tsaro. A 1970 kuma Dakta Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa a Jos, cutar ta yi ajalinta. Sai a binciken Saliyo na 1972 aka gano ɓeran da ke ɗauke da ƙwayar.

Ranka ya daɗe, a ganina darajar Casals ba ta tsaya ga gano ƙwayar ba. Ciwonsa ya nuna cewa ƙwarewa ba ta kare mutum idan kayan kariya suka gaza. Ni da idona na taɓa ganin ɗalibi yana wanke safar hannu yana shanyawa don ya sake sakawa gobe, alhali jinin masu zazzaɓi yake taɓawa. Saboda haka muke roƙon ma'aikatarka ta taimaka mana da safar hannu, da takunkumi, da na'urar ƙona sharar asibiti, kafin rani ya kankama, lokacin da zazzaɓin Lassa ya fi tsananta.

Bayan jawabinka, ɗalibanmu za su zagaya da kai ɗakin gwajin domin ka gane wa idonka. Allah ya mayar da kai gida lafiya. Bisimilla, ranka ya daɗe.