Darasi: Kada Ka Sayi Mahaɗai Don Shafinka Ya Hau Sama a Google

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Darasin yau na masu shafin intanet ne, ko na labarai, ko na girke-girke, ko na kasuwanci. Shekaranjiya wani ɗalibina ya turo min saƙon da aka aiko masa ta WhatsApp, wai ya biya kuɗi kaza, cikin sati biyu shafinsa zai fito a sahun farko na Google. Ya ce, "Malam, in biya?" Na ce masa kada ya kuskura, kuma ga dalili.

Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, babbar dabararsu ita ce duba mahaɗai, wato links ɗin da ake latsawa a tafi wani shafin. Idan wasu shafuka suna sa mahaɗi zuwa naka, kamar shaida suke bayarwa cewa kana da abin karantawa. To, wanda ya aiko wancan saƙon, shaidar zur yake sayarwa. Zai zuba adireshinka a ɗaruruwan shafukan bogi, na caca, na tallan magani, waɗanda babu mahalukin da ke buɗe su. A watan Afrilun 2012 Google ya fito da tsarin Penguin musamman don kama irin wannan. Kafin nan ma, a 2011, ya tura kantin JC Penney na Amurka can ƙasa saboda sayen mahaɗai. A 2006 kuwa cire shafin BMW na Jamus ya yi ɗungurungum na ɗan lokaci, don suna nuna wa Google wani shafi cike da kalmomi, mutane kuma su ga wani daban. Wanda bai ɗaga wa BMW ƙafa ba, kai zai ɗaga wa?

Yanzu ku dubi allon nan. Wannan shi ne Search Console, manhajar Google da ke nuna wa mai shafi halin da shafinsa yake ciki a bincike, kyauta ne. A hannun hagu ku gangara zuwa Manual actions. Kun ga alamar nan mai launin kore? Ma'anarta babu hukunci a kan shafin. In akwai, nan za a rubuta laifin, ka gyara, sannan ka nemi a sake dubawa.

Amma wallahi abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya a shafukanmu na Hausa shi ne kwafe. Mutum ɗaya ya sha wahala ya rubuta labari, kafin azahar shafuka goma sun ɗauke shi, har da kuskuren rubutun da ke ciki. A 2011 Google ya fito da tsarin Panda don danne shafuka marasa nasu na kansu. Ban da wannan ma, haƙƙin wani ne ka ci.

Sai cusa kalmomi. Na taɓa buɗe wani shafin girki, a ƙasansa an jera "kosai, yadda ake kosai, kosai mai dadi" layi bayan layi, da farin rubutu a kan farin bango don kada ido ya gani. Google yana gani sarai. Da ma ya rubuta tsawon lokacin da ake jiƙa waken, da yadda ake gane mai ya yi zafi, ai abin da mai nema ya zo nema ke nan.

Af, tunda na ambaci ƙosai: yawancin mutanenmu ba sa sa ƙugiya idan suna bincike a waya. Ku shiga Performance a cikin Search Console, a nan za ku ga ainihin kalmomin da aka rubuta kafin a iso shafinku, da su za ku tsara kanun rubutu.

In kuma kai aka biya don ka sa mahaɗin wani, ba laifi ba ne, amma ka sa masa alamar rel="sponsored" da Google ya kawo a 2019, mai nuna cewa mahaɗin na talla ne. Bari in buɗe WordPress, manhajar gina shafin intanet, in nuna muku inda ake sa ta.