Darbejiya da Tsutsar Sauro: Kisan da Ba A Gani Nan Take

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, iyayenmu da ke zaune a gaba, barkanku da zuwa.

Kowa a nan ya taɓa leƙa tsohuwar randa ko kududdufi da damina, ya ga 'yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil, su taso saman ruwa su shaƙi iska su nutse. 'Ya'yan sauro ke nan. To, fatar tsutsar nan ba ta girma tare da ita. Kamar rigar sallar yaro ce, bana ta yi daidai, baɗi ta matse. Dole ta yi saɓa irin ta maciji, har sau huɗu, sannan ta dunƙule ta fito sauro mai fiffike. Da zafi irin namu, mako guda zuwa kwana goma an gama.

Saɓar kuwa ba haka kawai take zuwa ba, sai an ba da umarni. Ƙwaƙwalwar tsutsar ce ke aika saƙo ga wata 'yar halitta a jikinta, ita kuma ta saki sinadarin da ake kira ekdison. Shi ne mai shela: a tuɓe tsohuwa, a sa sabuwa.

A nan darbejiya ta shigo, wadda wasunku ke cewa dogon yaro. Baƙuwa ce, asalinta ƙasar Indiya da Bama (wato Myanmar), amma yau wa zai ce mata baƙuwa a Kano ko Maraɗi? A 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan, fara ta sauka ta cinye komai ƙarƙaf, ta bar darbejiya kore shar. A 1968 aka ware sinadarin darbejiya da ke hana fara cin ta a Jami'ar Keele ta Ingila, aka sa masa suna azadiraktin. Ya fi yawa a ƙwallon 'ya'yan, ba a ganyen da muke dafawa ba.

Abin da yake yi shi ne tare ɗan aike a hanya. Saƙon ƙwaƙwalwa ba ya fita yadda ya kamata, ekdison ya yi ƙaranci ko ya zo a makare. Na sha kallon wannan a kwanon gwaji: tsutsa ta fara tuɓewa, kai ya fito, sauran jiki ya maƙale, tana ta juyi har ta mutu rabi ciki rabi waje. Wata ta kai sauro, amma fiffike a murɗe.

Shi ya sa mutanenmu ke raina shi. Mun saba da fiya-fiya, a fesa a ga gawa. Wani ya taɓa ce mini, "Malam, na zuba jiya, yau ga su suna wasa." Na ce, Alhaji, koma bayan kwana biyar.

An gwada a ƙauyen Banizumbu a yammacin Nijar. Aka daka 'ya'yan darbejiya, ana barbaɗa garin a tafkunan da ke riƙe ruwan sama, sau biyu a mako. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna matan sauro masu yaɗa zazzaɓi sun ragu da kashi 49 cikin ɗari. Rabi ke nan, ba duka ba, don haka kada kowa ya je gida ya naɗe gidan sauronsa. Maimaicin nan kuma dole ne, domin rana tana lalata sinadarin cikin 'yan kwanaki. Ku kuma rufa mini asiri, ban ce a zuba a rijiya ko randar sha ba.

Na ga hannu a baya can. Bismillah, 'yata, ɗaga murya.