Yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abin da ta koya: aikin Eric Kandel

Assalamu alaikum. Malamaina da ƴan'uwana ɗalibai, na gode da kuka jure zafin Maradi na wannan yammaci kuka zo. Tambayar da zan ɗauka a yau kowa a cikinmu ya taɓa rayuwa da ita: idan yaro ya wanke allonsa bayan ya hardace abin da ke kai, ina karatun ya koma?

Mutumin da ya fi kowa kusantar amsar a matakin ƙwayoyin jijiya shi ne Eric Kandel. An haife shi a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1929, ya bar ta zuwa Amurka a 1939 saboda zaluncin ƴan Nazi, kuma ya shiga makarantar likitanci da niyyar zama likitan tabin hankali kafin bincike ya ja shi. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, wanda hakan ya sa bin sawun tunani ɗaya a cikinta ya fi neman allura a cikin rairayin Gulbi wuya. Sai Kandel ya yi abin da wasu manyansa suka ɗauka ɓata lokaci ne: ya koma ga wata halittar teku, dangin dodon koɗi, mai suna Aplysia, wadda ƙwayoyinta ba su wuce kimanin 20,000 ba, wasu ma don girma ana ganinsu da ido. A 1962 ya tafi Paris wurin masanin jijiya Ladislav Tauc don ya koyi aiki da ita. A ganina, wannan zaɓi shi ne rabin nasararsa.

Ku dubi gwajin da kyau. Idan aka taɓa bututun da dabbar ke fitar da ruwa, nan take sai ta janye gaɓar numfashinta. Idan aka yi ta taɓawa ba tare da cutarwa ba, sai ta saba, ta daina damuwa. Amma idan aka ɗana mata ɗan lantarki a wutsiya, to ko taɓawa mai sauƙi sai ta zabura. Kandel da abokan aikinsa sun nuna cewa abin da ke sauyawa shi ne ƙarfin mahaɗar da ke tsakanin ƙwayar da ke jin taɓawa da wadda ke motsa tsoka. Lantarkin yakan sa a saki sinadarin serotonin, shi kuma ya tayar da wani ɗan aike na cikin ƙwaya mai suna cAMP, sai mahaɗar ta riƙa zuba saƙo fiye da da. Wannan tunawa ce ta mintoci, ba ta buƙatar sabon gini.

Tunawa mai daɗewa kuwa sai an yi gini. Idan horon ya maimaitu, saƙon yakan kai har cibiyar ƙwaya, wani furotin mai suna CREB ya kunna wasu ƙwayoyin gado, a ƙera sababbin furotin, ƙwayar ta tsiro da sababbin mahaɗai. Abin da ya fi burge ni shi ne, sabawar da taɓawa 40 a zama ɗaya ke jawowa ba ta daɗewa a jikin dabbar, amma ta taɓawa 10 a kowace rana har kwana 4 takan zauna makonni. Duk lokacin da na karanta wannan sai in tuna malaminmu na makarantar allo, wanda ba ya yarda a ƙara wa yaro rubutu sai ya kawo tilawar jiya da ta shekaranjiya da asuba.

A 2000 aka ba shi kyautar Nobel tare da Arvid Carlsson da Paul Greengard, kuma littafin koyarwa da ya fara fitarwa da James Schwartz a 1981 ya raini ɗaliban wannan fanni a duniya. Sai dai tasirinsa ya fi bayyana a inda wasu masana suka sami wannan hanya ta cAMP da CREB tana aiki a cikin ƙuda da ɓera. Janye gaɓar numfashi dabam yake da tuna fuskar mahaifiya, shi ya sa a shekarun 1990 Kandel ya mayar da hankali ga ɓeraye a Jami'ar Columbia, yana binciken sashen ƙwaƙwalwa mai suna hipokamfus, wanda yake cikin wuraren da cutar mantuwa ta Alzheimer ke fara lalatawa a cikin tsofaffinmu.