Hawan Ɗa'ifa: Yini Guda a Kan Duwatsun da Ke Saman Makka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya taɓa yin watan Yuli ko Agusta a Makka ya san irin zafin da nake nufi. Ka fito da hantsi, iska ta dake ka a fuska kamar ka leƙa tanderun mai burodi. Mu da muke zaune a nan, daga Shara Mansur har Misfala da Jarwal, idan zafi ya kai mana iya wuya, maganarmu ɗaya ce: gobe mu hau Ɗa'ifa. Ku lura, hawa muke cewa. Larabawan garin ma haka suke faɗa a bakinsu, don tafiyar hawa ce tun daga farko har ƙarshe.

Makka tana kwance ne a cikin kwari, tsayinta daga doron teku bai wuce mita 300 ba. Ɗa'ifa kuwa tana zaune a kan jerin duwatsun Sarawat, kimanin mita 1,800 a sama. To ga sirrin sanyin. Rana ƙasa take fara gasawa, ƙasar ce kuma ke ɗumama iskar da ke kanta. Iska idan ta yi sama, nauyin da ke danne ta yana raguwa, sai ta baje, bajewar kuma ita ke sanyaya ta. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yakan ragu da kusan digiri 6. Ka yi lissafi da kanka, za ka ga tsakanin garuruwan nan biyu akwai kusan digiri 10, alhali tafiyar ba ta kai ta Kano zuwa Zariya ba. Saboda haka ne a da gwamnatin Saudiyya kan ƙaura Ɗa'ifa ɗungurungum idan zafi ya shigo. A garin ne ma Allah Ya yi wa Sarki Abdul'aziz rasuwa a 1953.

Hanyoyi biyu ne daga Makka. Akwai ta Hada, gajera mai tsananin hawa, kimanin kilomita 90. Akwai ta Sailul Kabir, ta fi tsawo amma hawanta a hankali ne, ta nan manyan motocin kaya ke bi. Shawarata, ku hau ta Hada, ku dawo ta Sail. Dalilin dawowa ta Sail zan faɗa muku idan mun je can.

Ku fito bayan sallar Asuba, ku saka haramin Umara a jaka. Za ku wuce ta gefen Arfa, ku shiga kwarin Nu'uman, sai ga dutsen Kara tsaye a gabanku kamar ganuwa. Ku dubi yadda titin ya naɗe jikin dutsen, kwana bayan kwana. Kunne zai toshe, ku haɗiye yawu ya buɗe. Hajiya, idan kin san mota na sa ki jiri, ki zauna gaba, kada kuma ki cika ciki kafin tashi. Malam direba, a bi a sannu. Wannan hanya ba a yi mata gaggawa, musamman idan hazo ya sauko. Shi hazon daga Bahar Maliya yake samo asali: iska mai laima ta taso daga teku, ta ci karo da bangon dutse, ba ta da mafita sai sama, tana hawa ta yi sanyi ta koma gajimare. Wani lokaci ba ka ganin motar da ke gabanka. Idan abin ya yi yawa ko ruwan sama ya sauka, hukuma kan rufe hanyar, don haka a tambaya kafin a kama hanya.

Can kusa da sama za ku tarar da gwaggon biri garke-garke a bakin titi. Yara na son su ƙwarai. Ku kalle su ta gilashi. Kada a miƙa musu abinci da hannu, suna da ƙarfi kuma suna cizo, sabon da aka yi musu da ciyarwa ne ya sa suke tsalle kan motoci suna fizgar leda.

Idan kun kai saman Hada, ku tsaya. Ku fito daga mota, ku je bakin shinge ku leƙa ƙasa. A nan nake so mu ɗan jima.

A shekara ta goma da aiko shi, bayan rasuwar baffansa Abu Ɗalib da Nana Khadija, Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, ya taso daga Makka zuwa garin nan a ƙafa, shi da Zaidu ɗan Harisa. A ƙafa, jama'a. Tazarar da muka ci a cikin mota mai sanyi muna kukan toshewar kunne, ita ya taka zuwa da dawowa. Ɗa'ifa a lokacin garin Banu Saƙif ne, gari mai ganuwa da gonakin inabi, a nan kuma gunkin Lata yake. Ita ce tagwaicin Makka a arziki da ƙasaita. A Suratuz Zukhruf, aya ta 31, inda kafirai ke cewa me ya hana a saukar da Alƙur'ani ga wani babban mutum daga garuruwan nan biyu, Makka da Ɗa'ifa ake nufi. Manzon Allah ya je wa shugabannin Ɗa'ifa da kira, suka ƙi. Ba su tsaya nan ba, suka tura masa yara da wawayen gari suna jifansa da duwatsu har ƙafafunsa masu albarka suka yi jini. Zaidu na kare shi da jikinsa har aka fasa masa kai.

Ya fake a wani lambu na Utba da Shaiba, 'ya'yan Rabi'a. Suka aiko bawansu Addasu da nonon inabi. Da ya miƙa hannu ya ce Bismillah, Addasu ya yi mamaki, don mutanen yankin ba sa faɗin haka. Manzon Allah ya tambaye shi garinsu, Addasu ya ce shi Kirista ne daga Ninawa. Manzon Allah ya ce garin bawan Allah nagari Yunusa ɗan Matta ke nan, ɗan'uwansa a annabci. Addasu ya sunkuya yana sumbatar kansa da hannayensa da ƙafafunsa. Ni dai duk lokacin da na kawo baƙi nan, sai na ga labarin da suka sani tun suna makarantar allo ya zama sabo a idonsu, saboda yau sun ga nisan da idonsu.

A unguwar Masna, gefen kwarin Wajj, akwai ƙaramin masallaci da ake kira Masallacin Addas, a wurin da ake cewa nan lambun yake. Akwai wani kuma kusa da shi, Masallacin Ku'u. Masu motar ziyara za su kai ku duka. Ku je, ku gani, ku tuna. Amma gine-ginen daga baya aka yi su, babu wata sallah ta musamman da aka shar'anta a cikinsu, babu shafar bango, babu ɗibar ƙasa a ƙulle a gefen gyale. Wannan ina faɗa ne da ƙauna, don nakan ga iyayenmu suna yi bisa rashin sani.

A tsakiyar gari akwai Masallacin Abdullahi ɗan Abbas. Ɗan baffan Manzon Allah ne, malamin tafsirin al'umma, a Ɗa'ifa ya ƙare rayuwarsa a shekara ta 68 bayan hijira, kabarinsa na gefen masallacin. Ku yi Azahar a nan. Tsohuwar kasuwa na kusa, ƙafa ma ta isa. Fadar Shubra, farin gini mai tagogin katako da aka yi a farkon ƙarni na 20, ba nisa, ko daga waje ta cancanci kallo. Masu bin labaran duniya kuma za su tuna a garin nan aka ƙulla yarjejeniyar 1989 da ta kawo ƙarshen yaƙin basasar Labanan.

Abincin rana, ku nemi salig. Shinkafa ce da ake dafawa da romo da madara har ta yi luguf, a ɗora gasasshiyar kaza ko nama a kai. Tsofaffi marasa haƙori sun fi kowa yaba ta.

Yanzu wardi. Idan Allah Ya sa zuwanku ya dace da ƙarshen Maris zuwa Afrilu, kun dace. Lokacin ne gonakin Hada da Shafa ke fure, makonni kaɗan ne a shekara. Tun kafin rana ta fito ake tsinkar furen, da raɓa a jikinsa, don rana na ɗagawa ƙamshin ke fara tashi. A kai shi gidan dahuwa a ranar, a zuba a manyan tukwanen tagulla da ruwa, a rufe, a hura wuta a hankali. Tururi ya bi bututu ya ratsa ruwan sanyi, ya ɗigo cikin babbar kwalba. Ruwan wardi a ƙasa, man kuma ɗan kaɗan yana yawo a sama, a kwashe shi da hankali. Kafin a tara tola ɗaya, wato cikin 'yar ƙaramar kwalbar turare, sai an dafa fure sama da 10,000. To idan wani ya tare ka a bakin titi da kwalba cike ya ce man wardin Ɗa'ifa ne zalla a kuɗin shayi, ka san amsar. Ruwan wardi ya fi sauƙin kuɗi, ya kuma isa tsaraba. Da wardin nan ake haɗa ruwan Zamzam a wanke Ka'aba. A 2024 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Da la'asar sakaliya ku ƙarasa Shafa, kimanin rabin awa daga gari. Ta fi Ɗa'ifa tsayi, ta haura mita 2,000, dutsen Daka na can. Ku riƙe rigar sanyi ko da Makka na ci da wuta. Masu sayar da kayan lambu na jere a bakin hanya: rumman, inabi, ɓaure, zuma, da barshumi, 'ya'yan wata ƙaya mai zaƙi da sanyi. Kada ka kama shi da hannu, bari mai sayarwa ya ɓare maka. Mai yara kuma da ya fi son wasa, a Hada akwai talafirik, ɗan akwati mai gilashi da ke rataye a igiyar ƙarfe, yana saukar da mutane kusan kilomita 4 zuwa gindin dutse. Amma Shafa da talafirik da gidan wardi duka a yini ɗaya, gajiya kawai za a kwasa. A zaɓi biyu. Kasuwar Ukaz ta mawaƙan jahiliyya ma tana yankin, sai dai ta yi nisa, a bar ta sai wani zuwan.

Abu biyu ga baƙi. Juma'a da Asabar ranakun hutu ne a nan, duk Makka da Jidda sama suke yi, ku zaɓi tsakiyar mako. Alhaji mai bizar Hajji kuma ya tambayi jami'an alhazansa kafin ya fita, don ƙa'idarta ba ɗaya take da ta Umara ba.

To, ga mu a hanyar dawowa, ta Sailul Kabir. Wannan babban masallaci da kuke gani shi ne miƙatin Ƙarnul Manazil, miƙatin mutanen Najadu da duk wanda ya biyo ta nan. Wanda ya bar Ɗa'ifa da niyyar Umara, ba ya wuce shi sai da harami, shi ya sa na ce tun safe a saka haramin a jaka. Wanda ya fi son komawa ta Hada, akwai masallacin Wadi Muhrim a can, daidai da wannan miƙatin yake.

A hadisin Nana A'isha da ke Bukhari da Muslim, Manzon Allah ya ce ya bar Ɗa'ifa cikin baƙin ciki, bai farga ba sai a Ƙarnus Sa'alib. Malamai da dama sun ce nan wurin ne, wasu kuma sun ce wani tsauni ne kusa da Mina. A can Mala'ika Jibrilu ya zo masa tare da mala'ikan duwatsu, wanda ya ce in ya so zai haɗe musu duwatsu biyu na Makka a kansu. Ya ce a'a, yana fatan Allah Ya fitar daga tsatsonsu waɗanda za su bauta wa Allah Shi kaɗai. A shekara ta 9 bayan hijira, Banu Saƙif da kansu suka tura tawaga Madina suka karɓi Musulunci.

Ku yi wanka, ku ɗaura harami, ku yi niyya. Daga nan zuwa Harami kimanin kilomita 75 ne, gangara ce har ƙasa. Ku ajiye rigar sanyi a bayan mota, ku ɗaga murya: Labbaika Allahumma labbaik.