Sahu a Sararin Sama: Masu Rigar Fukafukai da Yaran Makaranta

An rubuto wannan daga faifan laccar da aka gabatar a taron malaman kimiyya na sakandare da ɗalibansu. An bar maganar yadda ta fito daga bakin mai ita.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, ranka ya daɗe. Iyayena malamai maza da mata, ƙannena ɗalibai, barkanmu da yamma. Na can baya kuna jina? To madalla. Mai haska hoto, ɗan dakata tukuna, zan yi maka magana.

Abu huɗu na zo da su. Asalin rigar fukafukai, yadda take aiki, yadda masu ita suke jera sahu a sama su kafa tarihi, sai kuma abin da ya haɗa su da yaran makaranta.

Asali dai, sha'awar tashi tsohuwa ce. A ƙarni na 9, a birnin Kurɗuba na Andalus, an ruwaito cewa Abbas ibn Firnas ya ɗaura wa kansa fukafukai, ya tashi daga tudu, ya ɗan yi tafiya a iska, amma ya ji ciwo a baya wajen sauka. Masu ruwayar suka ce bai yi wa kansa jela ba, alhali da jela tsuntsu yake sauka. A 1912 wani tela a Faransa, Franz Reichelt, ya ɗinka riga da hannunsa, ya diro da ita daga hasumiyar Eiffel, ya mutu nan take. Clem Sohn, Ba'amurke, ya mutu a 1937. Léo Valentin, Bafaranshe, ya mutu a Liverpool a 1956. Katako da ƙarfe suke sa wa fukafukansu, abin ya riƙa juya su yana harɗe igiyoyin laimar da ake sauka da ita daga sama. Sai wajen tsakiyar shekarun 1990 Patrick de Gayardon ya fito da riga ta yadi zalla wadda iska ce take hura ta. Shi ma ya rasu a Hawaii a 1998. A 1999 Jari Kuosma ɗan Finland da Robert Pečnik ɗan Kuroshiya suka fara ɗinka ta don sayarwa, tare da hanyar koyar da ita. Na ruga da wannan, ku yi haƙuri, inda nake son zuwa yana gaba.

Na biyu, aikinta. Haska mana hoton farko. Kun ga yadi tsakanin hannu da haƙarƙari, dama da hagu, ga na uku tsakanin ƙafafu. Wannan na ukun shi ne jelar da aka ce Ibn Firnas ya rasa. Kowane fiffike ninki biyu ne, da 'yan ƙofofi da iska take shiga ta cika shi ya yi tauri. Akwai tela a ɗakin nan? Ga hannu can. To maigida, wannan ɗinkin ba a yin sa a daren jajibirin sallah da fitilar waya. (dariya) Mutumin da ya diro daga jirgi ruf da ciki, babu rigar, yana faɗowa da gudun kilomita 200 a awa, daga tsayin mita 4,000 bai fi ya samu minti ɗaya ba kafin ya buɗe laima. Mai rigar kuwa faɗowarsa takan ragu zuwa rabin haka ko ƙasa, sauran ƙarfin ya koma tafiya gaba. Gwani yakan ci mita 3 a gaba duk lokacin da ya sauko mita 1. Ɗalibai, ku rubuta wannan: ba tashi yake ba, faɗowa yake a karkace. Babu inji. Da laima zai sauka. Gary Connery ɗan Ingila ya taɓa sauka ba laima a 2012, amma kan tulin kwalaye dubbai ya faɗa, kuma an shirya masa su ne.

Yauwa. Yanzu mun zo wurin.

Masu diran laima na gargajiya, idan za su kafa tarihin sahu, hannu suke riƙewa. A 2006, a Udon Thani ta ƙasar Tailan, mutum 400 suka riƙe juna a sama. Alƙali ba ya shan wahala a nan: ko an riƙe, ko ba a riƙe ba. To mai rigar fukafukai fa? Hannunsa shi ne fiffikensa. In ya miƙa shi don ya kama ɗan'uwansa, fiffiken ya lalace. Saboda haka manyan sahunsu ba a taɓa juna. Mutum 60, mutum 70, suna tafiya gaba da gudun da ya wuce na motar da ke kan babban titi, tsakanin kowa da maƙwabcinsa 'yan mitoci, kuma babu mai riƙe da wani. To ta yaya za a ce sahu ya yi? Wa zai ce wannan sahu ne, ba taron mutane da suka faɗo tare ba?

Wannan tambayar ta ɗauke su shekaru. A Nuwamban 2008, a Lake Elsinore ta jihar Kalifoniya, mutum 71 suka jera. Kowa ya yaba, amma babu ma'aunin da hukuma za ta kama. Sai aka fito da dabara. Mai ɗaukar hoto, shi ma da rigarsa, ya ɗauki sahun gaba ɗaya. A ƙasa sai a ɗora wa hoton zanen layuka masu gidaje. Ku ɗauka allon dara ne: gida-gida, kowane gida ɗa ɗaya. Kowane mutum yana da gidansa, kuma dole a same shi a ciki a hoto guda, a ƙiftawa guda. A Nuwamban 2009, a wannan wurin dai, mutum 68 suka cika wannan sharaɗi, hukumar diran laima ta Amurka ta karɓa a matsayin tarihin ƙasa.

Ku lura da lissafin. 71 a 2008, 68 a 2009. Adadi ya ragu, amma na biyun ne ya shiga littafi. Sannan ranar 22 ga Satumba 2012, a Perris, ita ma a Kalifoniya, mutum 100 suka tashi cikin siffar lu'ulu'u, goma sau goma. Abin kallo! A lokacin hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, mai hedikwata a Lausanne ta Suwizalan, ba ta riga ta kafa ƙa'idar wannan fanni ba. Ta kafa a 2015. Ranar 17 ga Oktoba 2015, a Perris ɗin, aka kafa tarihin duniya ƙarƙashin wannan ƙa'ida da mutum 61. Sittin da ɗaya, bayan an riga an ga ɗari! Ni wannan ne yake burge ni, wallahi. Mutanen da suka san sun taɓa tara ɗari, suka yarda su koma sittin da ɗaya, don abin ya zama wanda za a auna a tabbatar.

Kuma tun kafin a hau jirgi ake miƙa wa alƙalai tsarin: mu kaza ne, ga wurin kowa. In kun ce ku 62 ne, mutum ɗaya ya makara bai iso gidansa ba, ba za a ce to a ba su na 61 ba. An rasa gaba ɗaya. A sauka, a naɗe laima, a kalli faifan, a sake hawa. Mutum ɗaya! Ƙafarsa ta ɗan fita layi, aikin kowa ya tashi.

Ku tsaya ku ji wahalar riƙe gidan nan. Jirgin da suka fi amfani da shi, Twin Otter, mutum ashirin da 'yan kai yake ɗauka, don haka sai an haɗa jirage da yawa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Wajen fita dole ka tsuke fukafukanka, in ka buɗe da wuri iska ta ɗaga ka ka bugi jelar jirgi. Na ƙarshen fita ya tarar jagoran sahu ya yi nisa, sai ya biyo shi da gudu, sannan ya taka burki da jikinsa daidai gidansa, kada ya wuce, kada ya afka wa wani. Ga bambancin jiki. Mai nauyi yana son ya nutse, siriri yana son ya yi sama, har sai an ɗaura masa ɗamarar dalma. Kun ga akwai inda ƙiba take da ranarta. (dariya) Ga kuma gurɓatacciyar iska da kowa yake bari a bayansa da samansa, in ka shiga ta ɗan'uwanka fiffikenka ya rasa abin takawa, ka faɗa masa. Shi ya sa suke yin kwanaki suna gwadawa a ƙasa, sanye da rigunan, suna takawa a fili, kowa ya haddace launin rigar na gabansa da na gefensa. A sama ba a jin magana. Ido ne kawai.

Na'am, ƙanena? Ɗaga murya. Ya ce wai wannan ba jefa kai ga halaka ba ne? Tambaya mai kyau, zauna. Haɗari akwai shi, na lissafa muku waɗanda suka mutu. Amma a Amurka ba a barin ka sa rigar sai ka yi diro 200 na laima. Laima biyu ce a bayan kowa, ta biyun ƙwararre mai lasisi ne yake naɗe ta, kuma duk kwana 180 sai an kwance an sake. Akwai na'ura irin Cypres ta Jamus da take buɗe ta biyun da kanta in mutum ya kusa ƙasa yana faɗowa da gudu. Mafi yawan mace-macen da kuke ji a labarai na masu dirowa daga kan duwatsu ne suna shafar jikin tsauni, wancan daban ne, ni ma ba na yaba shi. A sahu, lokacin watsewa ya fi tsoro, shi ya sa ake watsewa rukuni-rukuni, kowa da tsayin da zai juya da inda zai nufa.

To na uku... a'a, na huɗu ke nan ko? Shugaban taro yana nuna mini agogo. Minti biyar, ranka ya daɗe.

Yaran makaranta. Cikin jagororin waɗannan taruka akwai wata mata, Taya Weiss, wadda ta zauna a Afirka ta Kudu tana binciken yaɗuwar ƙananan makamai. Ita da abokanta suka kafa ƙungiyar agaji mai suna Raise the Sky, don su haɗa masu diran laima da ayyukan taimako. Tarihin 2009 an yi shi ne ana tara wa City Year ta Los Angeles gudummawa, kuma sun tallafa wa wata makarantar renon yara a Soweto ta Afirka ta Kudu. City Year an kafa ta a Boston a 1988. Matasa ne suke ba da shekara guda ta rayuwarsu a makarantun unguwannin talakawa, suna zama da yara a aji. Alama uku suke bibiya, waɗanda masu bincike na jami'ar Johns Hopkins suka gano a makarantun Philadelphia: yawan fashin makaranta, matsalar hali, da faɗuwa a lissafi ko Turanci. Yaron da aka ga ɗaya daga cikinsu tun yana aji shida, akwai fargabar ba zai gama sakandare ba. Malamai, rajistar da kuke kira da safe aikinta ke nan. Gidan wa ne babu kowa yau, kuma wa zai bi sawu?

Hajiya, bismillah, a miƙa mata abin magana.

Hajiya shugabar makaranta ta ce: Malam, kuɗin man jiragen nan da na riguna, da an miƙa wa yaran kai tsaye ai ya fi.

Hajiya, ranki ya daɗe, kin taɓo inda yake da ciwo, kuma ba zan kare su da ƙarya ba. In lissafin kuɗi ne zalla, ke ce da gaskiya. Wasa ne mai tsada, kuma abin da ake tarawa a irin wannan taro ba zai gina makarantu ba. Sai dai kuɗin jirgin nan masu wasan ne suke biya don sha'awarsu, da yara da babu yara za su kashe shi. Abin da aka ƙara shi ne, ranar da 'yan jarida suka zo kallon sahu, sai suka ji sunan makarantar da ba su taɓa takawa ba. Sannan mutum ya shigo aji da rigarsa, ya shimfiɗa ta, yara su taɓa, su tambaye shi me ya sa ba ya faɗowa kamar dutse. Yaron da ya tsani lissafi ya ji cewa mita 3 a kan mita 1 ita ce take kai mutum gida lafiya. Wannan yana da daraja, Hajiya, amma ba ya maye gurbin albashin malami ko rufin aji, kuma duk wanda ya ce yana mayewa ki musa masa.

Mu da ba mu da jirgi, ga abin da za ki iya sa wa a yi ranar Litinin. Leda, zare da tsakuwa. A yanka leda murabba'i, ɗaya faɗin santimita 20, ɗaya 40, a ɗaure kusurwa huɗu da zare tsawo ɗaya, a rataya tsakuwa masu nauyi ɗaya. Malami ya saki daga bene ko daga kan tebur, yara su auna lokaci da agogon waya, sau biyar kowacce, su fitar da matsakaici. Sai a huda ƙaramin rami a tsakiyar babbar, a sake sakewa, su ga ko lilon da take yi ya ragu. Malami ne zai hau, ba yaro ba, don Allah. Wanda yake son girman ledojin da tsawon zaren ya same ni a bakin ƙofa bayan sallar magariba, zan rubuta masa. Shugaban taro, na gode da haƙuri. Wassalamu alaikum.