Jawabin Maraba Ga Mai Girma Ministan Kiwon Lafiya, Daga Ma'aikatan Ɗakin Awon Jini

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, mai girma Gwamnan jahar Damagaram, wakilin Mai Martaba Sarkin Damagaram, Allah ya ja zamaninsa, malamanmu na jami'a, iyaye da ƴan uwa, lale marhabin. Ranka ya daɗe, sannu da hanya. Baƙon da ya taso daga Yamai ya ratso kilomita wajen 900 ya cancanci ruwan sanyi kafin doguwar magana, shi ya sa zan taƙaita.

Aikinmu a nan bin sawu ne. Yadda makiyayi ke duban ƙasa ya san raƙumi ya wuce, haka cuta ke barin sawunta a jini, a fitsari, ko a ruwan ƙashin baya. Wannan sawun da ake iya aunawa shi likitoci ke kira biyomarka. Uwar da ta kawo ɗanta da zafin jiki cikin damina, ɗigon jini guda muke ɗauka a yatsansa, mu ɗiga a kan ɗan abin awo, cikin minti 15 zuwa 20 layi ya fito a kansa. Abin da layin ya kama wani sinadari ne da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke fitarwa, sunansa HRP2. A da, duk zafin jiki maganin zazzaɓi ake ba shi.

Damagaram ta ga amfanin awo da idonta. Daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da sanƙarau ya kama a jaharmu, 18 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Awon ruwan ƙashin baya ne ya nuna, cikin ire-iren ƙwayar sanƙarau, yawanci wadda ake kira rukunin C ce, da haka aka san rigakafin da ya dace.

Amma sawu yakan ɓatar da mai binsa, kuma nan ne damuwata take. HRP2 yana iya zama a jini makonni bayan yaro ya warke, sai a sake ba shi magani alhali wata cuta ce ke cinsa. A ƙasar Peru, a 2010, an ba da rahoton ƙwayoyin zazzaɓin da ba su fitar da HRP2 sam, wato awon ba ya kama su, daga baya Eritriya ta sauya irin awonta saboda haka. Ko awon HbA1c, mai nuna yawan sukari na wata 2 zuwa 3, yakan ruɗi likita idan majinyaci na da ƙarancin jini ko amosanin jini. Su kuwa waɗannan biyun kullum muna ganinsu a gadajenmu.

Saboda haka roƙonmu ɗaya ne, ranka ya daɗe: a yi binciken nan, a kan jinin mutanenmu. Jami'ar André Salifou na horar da ƴaƴanmu likitoci, ga majinyata, ga ma'aikata masu son aiki. Abin da muke buƙata sinadaran awo ne da ba su yankewa, wutar da za ta riƙe firiji cikin zafin Afirilu, da tallafin bincike ga matasan, don kada kowace tambaya sai ta je Yamai ta dawo.

Allah ya saka da alheri, ya maida kai gida lafiya. In ka amince, mu shiga ciki ka ga na'urorin da masu aiki da su.