Sharhi: Ciwon ƙirjin da ake cewa olsa ce

Jama'a masu sauraro barkanmu da war haka. Yau maganar bugun zuciya za mu yi, wato idan gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai wa ita kanta zuciyar jini. Da zarar ta toshe, cikin minti 20 zuwa 30 naman wurin zai fara mutuwa, kuma wanda ya mutu shikenan, tabo yake zama ba ya dawowa. Duk maganin da likita zai bayar kokawar ceto sauran ne.

Na farko asfirin, e wannan dai ta kemis da ba a ɗauke ta bakin komai ba, ana ba da 300mg a tauna don kar gudan ya ƙara girma. Sai allurar da ke narkar da gudan, irin su streptokinase da tenecteplase. A 1988 wani babban gwaji mai suna ISIS-2 da aka yi kan marasa lafiya sama da 17,000 ya nuna asfirin kaɗai ta rage mace-mace da kashi 23 cikin ɗari, streptokinase kashi 25, da aka haɗa su biyun kuwa sai ya kai 42. Kafin nan a Italiya a 1986 an ga waɗanda aka yi wa allurar cikin awa ɗaya na farko mutuwarsu ta ragu da kusan rabi. In an wuce awa 12 kam amfaninta kaɗan ne.

To mu nan me muke yi? Bawan Allah zai ji ƙirjinsa kamar an ɗora masa buhun siminti, gumi na karyo masa, ciwon na sauka hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi, sai iyali su ce ai olsarsa ce ta tashi, a aiki yaro ya sayo ruwan magani, wani ya kawo madara, a ce mu ga wayewar gari, alhali awannin da allurar za ta yi aiki su ne ke ƙonewa a tsakar gida. Wallahi abin na ci min rai.

Amma fa allurar ba ta gida ba ce. Tana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, shi ya sa sai an yi ECG tukuna, wato gwajin na'ura da ke duba aikin zuciya, a tambaya ko an taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko tiyata kwanan nan. Ita ma asfirin, mai olsar da ke zubar da jini ko wanda jikinsa ba ya karɓarta, ya faɗa wa likita tun daga bakin ƙofa.